Neman Yafiya a Kan Ƙanƙara

Bayan an tashi daga zaman makokin ƙanena, Inna ta kira ni daga Kano ta ce tana da aikin da za ta ba ni. Ina shagon da nake ɗaurin kaya a kasuwar Murshid Bazaar ta Dubai, na danne wani kwali da gwiwa ina jan igiya. Na saki igiyar na fito bakin ƙofa.

Ta ce, "Ka je wurin da yake wasan nan nasa. Duk wanda ya taɓa duka, ka nemo shi ka roƙa masa gafara. Kada ka tsallake kowa."

Na ce, "Inna, Auta bai taɓa gaya min ya doki wani ba."

"Da ma zai gaya maka? Ni da idona na ga yadda suke yi. Allah yana yafe nasa, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Ban ga fuskarsa ba, ban san inda kuka kwantar da shi ba. Wannan ne kawai ya rage da zan iya yi masa, kuma ƙafata ba za ta kai can ba. Taka ce za ta kai."

Na ce to.

Ni ne babba a ɗakinmu, shi ne ƙarami, da Auta kowa yake kiran sa. Karatuna bai yi nisa ba, na shiga kasuwa da wuri, kasuwar ce ta kawo ni Dubai. Shi ya yi jami'a, ya biyo ni daga baya, ya samu aiki a ofishin wani kamfanin jigilar kwantena a Jebel Ali. Muka kama ɗaki ɗaya a wani gida a Al Muraqqabat. Ɗayan ɗakin wani Bazazzagi ne a ciki, mai sayen kayan gyaran waya yana turawa gida. Tunda mu Kanawa ne, ba a wayi gari a gidan nan ba tare da tsokana ba.

Tun yana yaro Auta ba ya son tafiya irin ta mutane. Akwai lokacin da samarin unguwarmu suka rinƙa yayin takalmin taya, suna maƙale wa bayan adaidaita sahu a kan titi. Yana cikinsu, har ya fi su iyawa. Inna ta ƙwace takalmin ta tura ƙarƙashin gadonta, shi kuma ya rinƙa jira ta tafi unguwa ya zaro, ya mayar kafin ta dawo. Saboda haka ranar da wani abokin aikinsa ɗan Kanada ya kai shi filin ƙanƙara da ke cikin wani babban kanti, a tsakiyar zafin nan da ko ƙarfen ƙofar mota ba ya taɓuwa, ƙafarsa ba ta yi baƙunta ba. Ya dawo gida yana ta zuba.

"Yaya, ƙanƙara ce shimfiɗe kamar filin idi. Takalmin wuƙa ce a ƙasansa. Ana ba ka sanda mai lanƙwasa, kana kora wata 'yar baƙar roba kamar gurasa ƙarama, ka jefa a raga. Hoki sunansa."

Bazazzagi ya leƙo daga kicin ya ce, "Bakano ke nan. Ko ƙanƙara ya gani sai ya hau ya ga ko za ta sayu."

Auta ya ce, "Kai da tayil ɗin banɗaki ma yake kayar da kai, ina ruwanka da maganar manya?"

Daga nan kowace Lahadi, da an idar da asuba, sai ya saɓa wata jaka mai girman buhun gero, ya riƙe sandarsa, ya nufi tashar metiro. A hannun jakar ya ɗaura wani ƙyallen atamfa da ya yago daga tsohon zanen Inna, irin yadda muke yi wa akwati don kada ya ɓace a filin jirgi. Da hantsi ya dawo da shayin karak kofi uku da burodin Indiyawa mai zafi, ya zazzage kayan a baranda su sha iska. Hular kwano mai waya a fuska, abin kare ƙirji, abin kare ƙwauri, da wata safar hannu mai kauri kamar matashi. Warin kayan nan ba shi da misali. Bazazzagi ya rinƙa kunna turaren wuta yana zagaya baranda da kasko, yana cewa aljanun Kano yake kora. Auta ya kan zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafu, yana kurɓar shayi, ya ce wurin nan ne kaɗai a duk garin da kansa yake mantawa da kwantena.

Abin ya fara ne daga hoto. Ya ɗauki kansa cikin kayan wasan ya tura zauren danginmu na waya, ya rubuta sunan wasan a ƙasa. Matar kawunmu, wadda ba a rigan ta bincike, ta rubuta sunan a wayarta don ta ga mene ne. Abin da ya fito mata shi ta turo wa kowa. Ƙarti biyu su tsaya su kalli juna, su watsar da sanduna, su cire safar hannu su yar a ƙasa, su cakumi wuyan rigar juna su yi ta naushi. Jini a kan farar ƙanƙara. 'Yan kallo suna dukan gilashi suna ihu. Wani ya juyo yana dariya, bakinsa babu haƙoran gaba. Da ka gama kallon ɗaya sai wayar ta miƙo maka wani, wanda ya fi na baya muni. Kafin wata ya ƙare, magana ta zagaya unguwarmu cewa autan gidan malam ya zama ɗan dambe a Dubai. Gidanmu gidan karatu da ɗinki ne, ba a taɓa ɗaure hannu a cikinsa ba.

Inna ta kira shi, ina zaune a gefe ina ji.

"Inna, wallahi namu ba haka yake ba. Mu ma'aikata ne, kowa yana da ofis gobe. Wanda ya yi faɗa korar sa ake yi. Ko bangazar mutum da kafaɗa an hana."

"Waɗannan na cikin wayar ba irin wasanku suke yi ba?"

"Shi ne, amma su a ƙasashensu..."

"Ba irin hularka ce a kansu ba?"

"Ita ce."

"To shi ke nan."

Da ya ajiye wayar ya juyo gare ni. "Yaya, kai ma kallon da kake min ke nan?"

Na ce ni dai abin da na gani na gani. Gaskiya ban wuce nan ba. Lahadi ranar kasuwa ce a wurinmu, ranar ce baƙi daga gida suke son a rufe musu kaya, don haka ban taɓa bin sa ba. Duk sanin da na yi wa hoki daga wayar Bazazzagi ne, shi kuma ya kan ƙure ƙara idan an zo wurin naushi.

Auta ya ce, "Sau nawa 'yan dako suke faɗa a Murshid?"

"Akan yi."

"To a ce wani ya tsaya da waya wata guda, bai ɗauki ciniki ba, bai ɗauki sallah ba, bai ɗauki lokacin da kuke cin abinci a faranti ɗaya ba, sai faɗan kawai. Ya haɗa ya tura wa Inna. Me za ta ce kana yi a Dubai?"

Na ce, "Za ta ce in dawo gida."

Ya ce, "Ɗan Kanadan nan ma da muka fara aiki tare, sai da ya yi mako yana min magana a hankali kamar marar lafiya. Ashe abin da yake gani a talabijin game da ƙasarmu ne ya sa ya ɗauka daga bakin bindiga na tsero. Na ce masa ni babban tashin hankalin da na sani shi ne layin mai."

Sai kuma maganar haƙori ta zo ta ƙarasa ɓata lamarin. Inna ta saba aiko mana da ƙullin kaya ta hannun matan da suke zuwa saro atamfa da takalma: kuka, daddawa, yaji, kuma ba ta taɓa mantawa da goruba ba, don ta san Auta yana so tun yana ƙarami. Wata rana da yamma yana zaune yana gwaguyar wata busasshiya sai muka ji ƙas. Ya tofa a tafin hannu, ga ɓallin haƙorinsa na gaba. Bazazzagi ya yi dariya har da riƙe bango. Auta ya kalli madubi ya ce, "Yaya, don Allah kada Inna ta ji. In ta ji za ta yi ta zargin kanta, kuma ba za ta ƙara aikowa ba." Ya juya gorubar ɗaya gefen bakin ya ci gaba. A kiran bidiyo na gaba, yana buɗe baki ta gani. Ta tambaye shi, ya ce ba komai. Ba ta sake tambaya ba, don a ganinta ta riga ta san amsa.

Ranar wata Talata ya yanke jiki ya faɗi a ofis. Kafin in isa asibiti rai ya yi halinsa. Likitoci suka ce zuciya ce, wata matsala da mai yiwuwa da ita aka haife shi, ba wanda ya sani. A nan muka yi masa sutura, muka kai shi bayan la'asar. Na lura da wasu mutane, yawancinsu Turawa, sun tsaya can nesa wurin motoci, hannuwa a haɗe a gaba. Ban san su ba, kuma a ranar ba ni da bakin tambaya.

A Kano masu zuwa gaisuwa suka rinƙa cewa dukan da ya sha ne ya taru masa a ƙirji. Wannan bai dami Inna sosai ba, ta ce kwana ne ya ƙare. Abin da ya hana ta sakat shi ne dukan da shi ya yi wa 'ya'yan mutane. Ƙanwata da take zaune da ita ta gaya min a ɓoye cewa abinci sai an yi da gaske take kai loma biyu. Ta ce Inna takan karɓi wayarta ta sa a kunna mata bidiyon nan, ta kawo fuska kusa, tana leƙen cikin hulunan ko za ta gan shi.

Lahadin da ta biyo bayan kiran, na gaya wa maigidana ba zan fito ba. Na sa farar shadda da hula, kamar mai zuwa gaban manya, na sayi dabino kwali ɗaya, don ba a zuwa neman alfarma hannu sake. Na jawo jakar Auta daga bayan ƙofa. Tun ranar ba wanda ya taɓa ta. Ina shirin fita Bazazzagi ya fito da wata tsohuwar jaket ya jefa min a kafaɗa.

"Bakano, sa wannan. Kada ka daskare a can a ce ni na bar ka."

Ya tsaya kamar zai ƙara wata tsokanar, sai ya kalli jakar, ya koma ɗaki ya rufe ƙofa.

Na isa kantin, shaguna duk a rufe, masu shara ne kawai. Tun daga nesa na fara jin wani sauti kamar ana wasa almakashi. Da na shiga sanyi ya doke ni a fuska. Na samu benci a bayan gilashi na zauna, na ajiye jakar tsakanin ƙafafuna. An riga an fara, masu farar riga da masu baƙa.

Na zauna ina jiran faɗa. Duk lokacin da biyu suka nufi kusurwa ɗaya sai in ce yanzu ne. Sai su goga kafaɗa, robar ta fita, kowa ya bi ta. Da suka zo hutawa suka ɗaga hulunan, sai na ga furfura. Wani da tumbi, wani da tabarau ɗaure da igiya, mai tsaron ragar masu baƙar riga ma mace ce. Wani ya zame ya faɗi ya daki katanga, wanda yake bin sa ya tsaya ya sunkuya, sai da ya ga ya ɗaga hannu sannan ya wuce. Sau ɗaya alƙalin wasa ya busa usur don wani ya saƙalo ƙafar wani da sanda. Aka tura mai laifin wani ɗan keji a gefe, ya zauna shi kaɗai yana shan ruwa yana girgiza kai kamar wanda mota ta tafi ta bari, bayan ɗan lokaci aka buɗe masa ya koma. Da na gaji da jira sai na fara kallon wasan kansa. Mutum ya taho a guje, ya karkata jiki, ya tsaya cak, garin ƙanƙara ya tashi. Ya tura robar wurin da babu kowa, kafin ta isa sai ga ɗan'uwansa ya iso wurin. Na tuna Auta a kan titin unguwarmu, riga tana kaɗawa, yana waige ko Inna ta dawo.

A bayan bencin masu farar riga an rataye wata riga ita kaɗai, ba wanda ya zauna a ƙarƙashinta. Sai daga baya na ji ta Auta ce.

Ana busa tashi wani dogo mai jar fuska ya taho bakin katanga. Ba ni yake kallo ba, ƙyallen atamfar yake kallo. Na gane shi, yana cikin waɗanda suka tsaya wurin motoci. Ashe shi ne ɗan Kanadan. Ya kira sauran, suka taru a ƙofar filin, tururi yana tashi daga kawunansu.

Turancina na kasuwa ne: nawa, kwali nawa, gobe, ya yi tsada. Na haɗa abin da nake da shi, na ce ƙanena, duka, haƙuri, uwa. Suka kalli juna. Na sake, har da nuna naushi da hannu. Dogon ya ɗauka tambaya nake ko wani ya doki Auta, ya shiga rantsuwa yana girgiza kai. Sai wani mai gemu ya matso ya yi min sallama. Balarabe ne ɗan Masar, likitan haƙori. Da ɗan Larabcin da na tsinta a kasuwannin Deira, shwayya shwayya, wato kaɗan-kaɗan, na ce masa mahaifiyarmu ce ta aiko ni neman yafiya ga mamaci, daga duk wanda yake da haƙƙi a kansa. Ban ƙarasa ba ya dafa ƙirji. Ya ce su ma haka suke yi a garinsu, a bakin kabari ake tambaya.

Ya juya ya yi musu bayani. Wani ya fara dariya, ya kalli fuskata, ya haɗiye. Dogon ya yi magana mai tsawo, likitan yana mayar min. Ya ce su faɗan da suke yi wa Auta ɗaya ne, yawan ba da haƙuri. In ya ƙwace roba daga hannun abokin hamayya sai ya waiga ya ce masa yi haƙuri, har a ƙwace ta daga nasa hannun. Ya ce faɗan da Inna ta gani gaskiya ne ana yi, a manyan gasa na can ƙasashensu, shi ma ya taso yana gani. Amma a wasa na awa biyu wani lokaci ba a yi ko ɗaya, kuma in an yi, shi kaɗai ake yankowa a watsa.

Na ji daɗi, amma na san Inna. In na ce mata babu ko mutum ɗaya, za ta ce kunyata suka ji.

Sai wani gajere ɗan Rasha, daga cikin masu baƙar riga, ya turo kai gaba, ya ɗaga haɓa ya nuna da yatsa. Ga tabon ɗinki nan fari. Ya ce a shekarar farko, Auta bai gama iya tsayawa ba, ya zame, sandarsa ta tashi ta same shi a nan. Auta ne ya kai shi asibiti da takalmin wasan a hannu. Bayan nan kuma ya yi ta kai masa abinci ofis a kula, shinkafa da wake da wani jan gari.

Na tuna kular nan. Na tuna Auta a kicin da sassafe yana zuba mai da yaji, yana ce min wani abokinsa ne ba shi da lafiya.

Ɗan Rashan ya ƙara wata magana, kowa ya fashe da dariya. Likitan ya ce, "Wai sandar ba ta sa shi kuka ba, jan garin ne ya sa shi."

Na ce a taimaka min in kira Inna ta gani da idonta. A Kano lokacin gari ya fara wayewa, na san tana kan sallaya. Ƙanwata ta ɗauka, ta riƙe mata wayar. Fuskar Inna ta faɗa, hijabin ya yi mata yawa. Likitan ya ce in dakata, akwai abin da ba su yi ba tukuna, ganin jakar ne ya katse su. Aka shimfiɗa wata baƙar tabarmar roba a kan ƙanƙara, aka kama hannuna aka tsayar da ni a kai. Na juya wayar tana kallon fili. Farare da baƙaƙe suka ja layi ɗaya suka fuskanto ni. Sai suka fara zare safar hannu.

Muryar Inna ta fasa wurin. "Innalillahi! Sun cire safar! Fita daga nan, za su fara! Fita na ce!"

Kafin in ba ta amsa dogon ya iso, ya kama hannuna. Hannunsa da ɗumi, jiƙe da gumi. Likitan ya riga ya tambaye ni kalmar da ake faɗa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya koya musu. Dogon ya dubi wayar ya ce, "Na yafe." Ya wuce, na bayansa ya iso. Haka suka rinƙa zuwa, kowa da yadda harshensa ya iya lanƙwasa ta, har macen nan mai tsaron raga, wadda ta dafa ƙirji ta russuna maimakon miƙo hannu.

Likitan ne na ƙarshe. Ya ce in gaya wa Hajiya ba don ni aka ƙirƙiro wannan ba. Duk ranar da aka yi wasa, kafin kowa ya fita, sai an ja layi an cire safar hannu an gaisa, wanda ya ci da wanda aka ci. Ya ce Auta kullum shi ne a ƙarshen layi, don da hannu biyu yake gaisawa, yana ɗan sunkuyawa, yana ɓata wa mutane lokaci. Na mayar mata da Hausa. Ta ce, "Kowace Lahadi?" Na ce kowace Lahadi.

Sannan na gaya mata maganar mai tabo, ban rage komai ba. Ta ce, "Na san za a samu. Kawo shi." Ɗan Rashan ya durƙusa a kan ƙanƙara ya kawo haɓarsa jikin wayar. Ta daɗe tana dubawa.

"Ka ce masa ni na haifi wanda ya yi masa wannan. Ina roƙon sa don Allah."

Ya ce na yafe, amma a bakinsa ta fito wani iri.

"Bai faɗa daidai ba. Ya sake."

Ya sake, a hankali. Ta ce Allah ya yi masa albarka, ya shirya masa zuri'a. Na ɗauka an gama, sai ta gyara zama.

"Saura wanda ya fasa masa haƙori. A kira min shi. Shi ma kada ya tafi da haƙƙin ɗana a wuyansa, in gaya masa mun yafe."

Na tsaya da waya a hannu, sanyi yana ratsa tafin ƙafata. Auta ya ce kada ta ji. Amma in na yi shiru, za ta ci gaba da neman wani mutum da babu shi, a cikin hulunan nan na bidiyo.

Na ce, "Inna, goruba ce."

"Wace goruba?"

"Wadda kika aiko."

Sai na ga kafaɗunta suna motsi. Dariya ce, irin wadda ban ji ba tun kafin rasuwar. Ta ce, "Ja'irin yaro. Ja'irin yaro." Daga nan ta ja hijabi ta rufe fuska. Da ta buɗe ta ce, "To ni wa zai yafe min?"

Na ce, "Da ɗaya gefen bakin ya cinye sauran, Inna, ko ɗaya bai rage min ba. Shi ya hana ni faɗa, wai kada ki daina aikowa."

Ta gyaɗa kai. Ta ce in raba musu dabinon, kada in tsaya ina riƙe da shi kamar mai talla.

Na bar musu kayan wasan su ba duk wanda zai fara koyo. Ƙyallen atamfar kawai na kwance na sa a aljihu. Da azahar ƙanwata ta turo min hoton kwano, an cinye tuwon, saura miya kaɗan a gefe.

Bidiyon faɗan ba su daina yawo ba, ko jiya wayata ta miƙo min ɗaya. A unguwarmu har yanzu akwai masu cewa dambe ne ya kashe autan gidan malam. Inna ta daina gardama da su, sai dai in mai maganar ta zauna, ta ba ta labarin layin gaisuwar nan.

Wata Lahadin nakan roƙi maigidana rabin yini in je in zauna a bencin nan da jaket ɗin Bazazzagi, wadda har yau bai nema ba. Ban san dokokin wasan sosai ba, ina dai zama har a cire safar hannu. Da ƙullin kaya ya sake zuwa daga Kano, na tarar da goruba a ƙasan kukar, da yawa, fiye da yadda take aikowa da. Ƙanwata ta ce Inna ta ce a kai wa abokan Auta. Na kai musu. Likitan ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa a jikin katanga, ya kalle ni, ya hana kowa ci. Ɗan Rashan ya faki idonsa ya jefa biyu a jaka.